Sharar Gida Da Lambun Masallaci: Jawabin Magatakardan Liman A Kan Haɗa Taki

Wannan shi ne jawabin da Magatakardan Liman ya yi a taron jam'iyya na wata-wata, ran Lahadi bayan sallar La'asar. Mun buga shi domin 'yan'uwa da suna kasuwa ba su sami halarta ba.

 



Malam ya umurce ni in tashi in yi muku bayani a kan lambun nan na bayan masallaci. Kowa ya ga halin da yake ciki. Alayyafon da muka fara shukawa ya yi kyau ƙwarai, na bayansa ya rage, na bana kuwa ga shi can tsugul, ganye ya yi rawaya tun bai isa yanka ba. Ƙasa ta gaji. Waɗansu sun ce a ɗebi kuɗi a asusu a sayo takin zamani. Waɗansu sun ce a bar wahala, a gina shaguna a wurin a riƙa karɓar haya. Wakilan lambu kuwa sun kawo shawara ta uku, watau mu haɗa taki da kanmu daga sharar gidajenmu. Malam ya ce kada a zartar sai jama'a sun ji, gama wannan aiki ba ya yiwuwa sai ko wane gida ya sa hannu.

To, kafin in faɗi yadda ake yi, bari in tuna muku abin ba baƙo ba ne gare mu. Kakannin da yawa daga cikinmu fataken goro ne, daga ƙasar Hausa suka biyo hanyar Gwanja zuwa Salaga, daga baya suka watsu Kumasi da Karaki da nan Ankara. Wanda ya taɓa zuwa Kano ganin dangi, in ya tambayi tsofaffi za su gaya masa yadda karkarar birni take a da. Gonakin da ke kewaye da ganuwa, wajen Ungogo da Kumbotso da sauran ƙauyuka na kusa, ba a hutar da su. Ko wace damina sai an shuka gero da dawa da wake da gyaɗa, uba ya noma, ɗa ya noma, jika ya noma, gona ɗaya, ba ta mutu ba. Mene ne asirin? Jaki ne da mangala. Da rani baƙauye ya kan shigo birni da sassafe da kayan itace, ta Ƙofar Mazugal ko Ƙofar Ruwa ko Ƙofar Na'isa, in ya sayar ba ya komawa da jaki wofi. Sai ya bi gidaje ya cika mangala da abin da aka tara a turke da juji: kashin awaki da na tumaki, tokar murhu, ƙaiƙayi, sharar tsakar gida, ragowar harawa. Ya kai gona ya zuba tsibi-tsibi, in ruwa ya sauka ya baza. Birni ya ci abin da gona ta ba shi, ya mayar mata da ragowa. Wani Bature mai suna Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya bi wannan al'amari da ido, shi da abokin aikinsa suka buga bayaninsa a 1965, har masanan ƙasashen waje suka riƙa mamakin yadda ƙasa mai rairayi ta ɗauki mutane masu yawa haka ba tare da hutu ba. Can nesa da birni kuma, inda jaki ba ya iya zuwa ya komo a yini ɗaya, manomi ya kan yi jinga da Fulani su sauka da shanu a gonarsa bayan girbi, ya ba su dawa, su bar masa taki.

Ashe a birnin Kano na da, shara abin saye ce. Yau kuwa mu ne ke biyan mai aboboya ya kwashe mana ita. Me ya sake? Leda ce. Sharar kakanninmu duk abin ruɓewa ne. Ganye aka ƙunshe tuwo da shi, ƙwarya aka sha fura a ciki, in ta fashe ta koma ƙasa. Tamu kuwa dubi abin da ke ciki: ledar koko, ledar ruwan sanyi, robar lemo, fasasshen kwalba, mataccen batir, ƙunzugun jarirai na kanti. Ko a Kano ɗin, da motoci suka karɓi aikin jakuna suna juye wa manoma sharar birni a gona, sai ga leda ta cika kunyoyi, akuya ta haɗiya cikinta ya kumbura. Don haka duk maganar da zan yi yau, kanta ɗaya ne: a raba shara tun a bakin murhu. In aka cuɗe ta, babu mai iya tsince ta daga baya, ko da kuwa an ba shi lada.

Masu lura da tsabtar gari sun ce fiye da rabin abin da gidajen Ankara ke zubarwa mai ruɓewa ne, ɓawo da ganye da ragowar abinci. Shi ne mai nauyi, shi ne mai wari, shi ke kiran ƙuda. In mai gida ya rasa kuɗin aboboya, kun san inda ake kai shi da dare. Babban kwatamin Nima da Mamobi yana zuba a kogin Odo, shi kuma ya wuce ta Sakul ya faɗa tafkin Kole. Ran 3 ga Yuni 2015 aka yi ruwan nan da ya cika Sakul, wuta kuma ta tashi a gidan mai inda mutane suka fake, fiye da mutum 150 suka rasu. Allah ya jiƙan musulmin cikinsu, ya ba iyalan kowa haƙuri. Ba na cewa ɓawon doyarmu ne kaɗai ya toshe hanyar ruwa, amma fa ba za mu iya rantsuwa babu namu a ciki ba.

Hukuma da 'yan kasuwa sun riga sun gane shara dukiya ce. A Ajen Kotoku, inda aka mayar da 'yan'uwanmu masu sayar da albasa daga Agbogbuloshi a 2021, akwai babbar ma'aikata da aka buɗe tun 2012, aikinta ke nan, ta tace shara ta mai da mai ruɓewa taki ta sa a buhu ta sayar. Har ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suna yi. Samarinmu da ke aiki a Doha ta ƙasar Katar, masu zama wajen unguwar Muntaza, za su gaya muku ƙasar can duwatsu ce da rairayi, ruwan saman shekara duka bai kai abin da mu kan samu a mako ɗaya mai ruwa na watan Yuni ba. A watan Yuni 2017 maƙwabtansu suka rufe musu iyaka, ba a buɗe ba sai Janairu 2021, a nan suka ga wanda ba ya noma abincinsa a hannun wani yake, suka dage da noman kayan lambu. Tun 2011 kuwa suna da ma'aikata a Mesa'id mai mai da sharar birni taki da wutar lantarki. Mai kuɗi ya sunkuya ya ɗauki ɓawo, ina ga mu?

Yanzu ga yadda ake yi, kamar yadda malamin gona ya nuna wa wakilanmu, muka kuma gwama da abin da tsofaffin masu lambu na Jowulu suka sani.

Tsibin taki ciki ne da shi kamar na dabba. Akwai waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne ke cin shara su mai da ita baƙar ƙasa. Abinci suke so, da ruwa, da iska. Abincinsu iri biyu ne, busasshe da ɗanye. Busasshe shi ne ganyen mangwaro da na dogon yaro da ya zuba, ɓawon masarar da aka kwance daga dokunu, karan dafin da mai wake da shinkafa ta tsame daga tukunya, ɓawon gyaɗa, busasshiyar ciyawa, garin katako. Ɗanye kuwa shi ne ɓawon ayaba da na doya da na rogo, ruɓaɓɓen tumatir, ganyen kabeji da na albasa da ake sharewa a kasuwa, tsakin koko da ya lalace, da kashin awaki da tumaki da shanu da kaji. In ɗanye ya yi yawa tsibi ya kan caɓe ya yi ɗoyi. In busasshe ya yi yawa sai ya zauna wata da watanni kamar an ajiye katifa. Abin da ya fi daidai, kwando biyu ko uku na busasshe, kwando ɗaya na ɗanye.

A nemi inuwa, a ƙarƙashin dogon yaron can na kusurwa, nesa da wurin alwala. A fara shimfiɗa ƙirare ko karan masara a ƙasa domin iska ta sami hanyar shiga ta gindi. A kai sai a zuba busasshe kaurin inci 6, watau kamar tsawon tafin hannu, a bi shi da ɗanye rabin haka, a yayyafa kashin dabba, a barbaɗa 'yar ƙasa da 'yar toka, a yayyafa ruwa. Sa'an nan a sake daga fari, hawa bisa hawa, har tsibi ya kai ƙirjin mutum. Faɗinsa ƙafa 4 ko 5 ta ko wane gefe. In ya gaza haka ba ya riƙe zafi, in ya wuce da yawa iska ba ta kai tsakiya. Kada yara su hau su tattake shi. A ƙarshe a rufe da tsofaffin buhunan algarara ko ganyen ayaba, a soka doguwar sanda har gindi a bar ta a ciki.

Maganar toka, ku ji da kyau, iyayenmu mata, gama na san a gidan mai koko da ƙosai toka ba ta ƙarewa. Barbaɗawa ake yi kamar gishiri a miya. In aka juye ta da yawa a kan kashin kaji za ku ji wani wari mai hawa ka kamar na fitsari, to ƙarfin takin ke nan yake tashi sama yana barinmu. Ragowar tokar a tara ta dabam, a kan zuba ta a fangali kai tsaye. Garin katako kuma, wanda ake samu kyauta wajen masu yankan katako, yana da jinkirin ruɓa ƙwarai, sai an gama shi da kashin kaji sosai. Na katakon da aka shafa wa fenti ko magani kuwa, kada a kawo.

Ruwa fa? A damƙi takin a hannu a matse. In ruwa ya tsiyayo ta tsakanin yatsu, ya yi yawa, a ƙara busasshe. In ka buɗe hannu ya wargaje kamar gari, ƙishi yake ji. In ya dunƙule, hannu ya yi danshi, ɗigo ɗaya ko biyu ya fito, shi ke nan. Daga Afrilu zuwa Yuli, lokacin manyan ruwaye, a tara tsibi a kan tudu a yi masa 'yar rumfa. Da hunturu kuwa, sa'ad da iska ke busar da kome, ya fi kyau a haƙa rami zurfin ƙafa 2 ko 3 a tara a ciki. Ruwan wanki mai sabulu da na kwata ba su shiga.

Bayan kwana 3 ko 4 sai a zare sandar nan a taɓa. In aiki ya kama za ka ji ta da zafi da danshi, da asuba ma ka ga tururi na tashi daga tsibi kamar an buɗe madambaci. Malamin gona ya ce zafin cikin ya kan kai awo 55 zuwa 65 a ma'aunin zafi, zafin da hannu ba ya iya jimrewa. Wannan zafi shi ne babban amfanin tsibi a kan juji. Shi ke kashe ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsar ciki da 'ya'yan ciyawa. Ku masu sayar da latas da kabeji kun san waɗansu masu lambu su kan watsa ɗanyen kashin kaji a kan fangali, ruwan ban ruwa ya fantsama shi a ganye, ganyen kuwa ɗanye ake ci a kan wake da shinkafa. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa, yana kuma kai ciwon ciki gida. Wanda ya dahu a tsibi ba ya yin haka. In an zare sanda an ji ta sanyi ƙalau, ko dai ruwa ya gaza ko ɗanye ya yi kaɗan. In an ga fari-fari kamar toka a jikinta, tsibi ya bushe, a ba shi ruwa.

Bayan mako 2 ko 3 zafi zai fara sauka, iska ta ƙare a ciki. Sai a juya. A sa shebur da manjagara a kwashe tsibi a sake tara shi a gefe, na waje ya koma tsakiya, na tsakiya ya fito waje, ana yayyafa ruwa. Zafi zai sake tashi. A yi haka sau 3. Wani Bature masanin gona, Albert Howard, ya tsara irin wannan hanya a garin Indore na ƙasar Indiya tsakanin 1924 da 1931, bayan ya daɗe yana lura da manoman can, har yau da sunan garin ake kiranta. A zafin ƙasarmu, wata 3 ya isa. Alamar ya nuna, ya yi baƙi, ya yi laushi, ba ka gane ɓawon ayaba daga ganyen mangwaro, ƙanshinsa kamar na ƙasa ran ruwan fari. Za ku ga tana da gwazarma a gindinsa, kada ku tsorata. Tana a bar ta, gwazarma a tsince a jefa wa kaji.

Akwai abin da ba ya shiga ko kusa. Leda da roba da kwalba da gwangwani da batir, na riga na faɗa. Nama da ƙashi da kifi da miya mai mai, su ke jawo ɓeraye da karnuka. Kashin kare da na kyanwa da bayan gidan mutum. Laka da aka kwaso daga kwata. Ƙiri-ƙiri da aya-aya, domin saiwarsu ba ta mutuwa da sauƙi, sai an shanya ta a rana ta bushe ƙayau. Da Babbar Salla kuwa, abin da ake juyewa daga tumbin rago da na sa ciyawa ce da ta riga ta fara narkewa, taki ne mai kyau, a kawo shi ran nan a binne a tsakiyar tsibi maimakon a tura shi kwata. Jini dai a haƙa masa rami dabam. Sa'an nan ina roƙon malaman makarantar allo su ja kunnen almajirai: duk takarda mai ayar Alƙur'ani ko sunan Allah, ba ta zuwa wurin nan.

Wani dattijo ya tambaye ni a ƙofar masallaci, wai wanda ya yi aikin taki ya iya shiga sahu da tufafinsa? Na kai tambayar gaban Malam, ga abin da ya ce in faɗa muku. A mazhabarmu ta Imamu Malik, kashi da fitsarin dabbar da ake cin namanta, kamar akuya da tunkiya da saniya da raƙumi, mai tsarki ne, muddin dabbar ba najasa take ci ba. Kazar da ke yawo tana tonon ƙazanta, nata ba shi da tsarki. Na jaki da doki da alfadari shi ma najasa ne. Saboda haka wakilai suka ce za mu tsaya a kan na awaki da tumakin turke, da na shanu in an sami mai kawowa daga kasuwar Tulaku ta Ashaiman, da na kajin da ake tsarewa a keji. Duk da haka Malam ya ce a yi aikin da tsohuwar riga, a wanke hannu da sabulu, kada wani ya shigo sahu yana damun na kusa da shi.

Masu cewa a sayi takin zamani, ban ce maganarku banza ce ba. Buhun da aka rubuta wa 15-15-15, ma'anarsa a cikin ko wane mudu 100 akwai mudu 15 na ko wane ɗaya daga abinci uku da shuka ta fi bukata. Takin tsibi bai kai ko kusa da haka ba, na farkon nan mai sa ganye kore bai fi mudu 1 ko 2 a cikin 100 ba. Shi ya sa na zamani ake zubawa da murfin kwalba, namu kuwa da bokiti. Amma na zamani shuka kaɗai yake ciyarwa, ba ya gyara jikin ƙasa. Ƙasar lambunmu, wadda rabinta ɓaraguzan gini ne, in an zuba ruwa da safe kafin azahar ta bushe ta yi tauri. Takin tsibi shi ke sa ta yi laushi ta riƙe ruwa, ruwan kuwa kun san saye muke yi. Kuma kun tuna 2022, da yaƙin Rasha da Yukren ya tashi, sidi kuma ya faɗi, yadda kuɗin buhu ya haura har manoma da yawa suka kasa saye. In ƙasa ta farfaɗo, daga baya aka ga ana bukatar ɗan na zamani a kan kuɓewa ko attaruhu, kaɗan zai isa. Masu maganar shaguna kuma, shawararku tana nan a rubuce a littafi. Abin da wakilai ke roƙo, a ba lambu damina ɗaya.

Maƙwabtan masallaci, na ji tsoronku na wari da ƙuda, kuma hakkinku ne. Tsibin da aka haɗa daidai, aka rufe ɗanye da busasshe ko wane lokaci, ba ya wari. In kuka ji ɗoyi, an yi sakaci ne, ku zo wurina kai tsaye, ran nan za a juya shi a ƙara ganye. In an yi haka sau biyu bai daina ba, Malam ya ce a kwashe.

Ga abin da aka shirya. Ko wane gida a ajiye bokiti ko tsohuwar garwa mai murfi a gefen murhu, ɓawo da ganye kaɗai za a zuba. Magajiya ta ɗauki nauyin zagaya gidaje ta nuna wa mata da 'yan mata, gama a hannunsu abin yake. Masu tumatir da albasa da kayan miya a kasuwar Nima, ku tara mana sharar rumfa a buhu ran Laraba da yamma, samari za su zo da baro. Karɓar na gidaje kuwa ran Talata da ran Asabar ne bayan sallar Asuba, a ƙofar lambu. Wanda aka ga leda a bokitinsa za a mayar masa ya tsince, kada ya ji haushi, ko gidan Liman ne haka za a yi, shi da kansa ya faɗa. Muna bukatar shebur 2 da manjagara 2 da tsofaffin buhuna, wanda yake da su ya ba da aro. Tsibin fari za a tara shi Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu, samarin da za su yi juyi su tsaya bayan an shafa fatiha in rubuta sunayensu.